Kafin ka biya mai gina maka shafin intanet

Tambayar wannan makon daga Miskine ta zo, kusa da kasuwar Kilomita Biyar a Bangi. Wani mai sauraronmu ya sa yaro ya gina masa shafin intanet, don masu sarin kaya su riƙa ganin farashi suna yin oda. Yaron ya ce ya gwada shafin da na'ura, komai lafiya. To, Alhaji ya biya ko ya dakata?

Ka ga, gwaji iri biyu ne. Na farko shi ne na hannu: mutum ya ɗauki waya, ya buɗe shafin, ya latsa nan ya latsa can. Na biyu kuwa manhaja ake ba umarni, ita ta buɗe shafin, ta cika suna da adadin buhu, ta latsa, ta kawo rahoto. Tsohuwar cikinsu ita ce Selenium, tun 2004 take aiki. Google ya fito da Puppeteer a 2017, Microsoft kuma ya kawo Playwright a 2020. Dukkansu kyauta ne, saboda haka kada a sa maka kuɗin sayensu a lissafi. Ladan aikin yaron kawai za ka biya.

Amfanin manhajar shi ne ba ta gajiya. Duk ranar da aka canza farashin sukari ko aka ƙara sabon kaya, za ta sake bin shafin daga farko har ƙarshe cikin 'yan mintoci, ta nuna inda ya lalace.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Manhajojin nan galibi a kwamfuta ake gudanar da su, da intanet mai ƙarfi, a kan irin su Chrome da Firefox. Shi kuwa abokin cinikinka yana iya kasancewa a layin manyan motoci a Garwa-Bulai, ko a ruga, da ƙaramar waya da Opera Mini. Ita Opera Mini sai ta bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta ta matse shi don rage cin data, kuma wajen matsewar wani maɓallin yakan daina aiki. Na'ura ta ce lafiya, mai saye ya latsa shiru, ya koma wurin maƙwabcinka.

Shawararmu ke nan. In shafinka farashi ne kawai da lambar waya, gwajin hannu ya isa. In ana yin oda ana kuma canza kaya kullum, a haɗa biyun. Ko wanne ne, kafin ka ƙirga sefa, ka miƙa wa yaron wayar da ta fi tsufa a shagonka, a kashe wayafai, ka yi oda da hannunka. Sannan ka kira wani na kan hanyar Duwala shi ma ya gwada.

Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya duba haƙoranta ya ga tafiyarta. Ba a cinikin biri a sama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.