Neman Haihuwa: Kuskuren Ɗora wa Mace Nauyin Mutum Biyu

Da wuya amarya ta cika wata shida a ɗakinta ba a fara lura da jikinta ba. Uwar miji ta yi tambaya a fakaice, ƙawaye su kawo shawara, wata gwaggo ta aiko da jiƙo a jarka. Idan shekara ta zagayo shiru, sai a fara raɗe-raɗi da kalmar nan mai ƙuna, juya. Duk wannan ɗawainiya a kan mutum ɗaya take sauka, alhali mutum biyu ne ke neman cikin. A ganina nan ne tushen yawancin kurakuran da ma'aurata ke tafkawa wajen neman haihuwa: ana yi wa mace magani tun ba a san inda matsalar take ba, namiji kuwa ba a ko duba shi, shekaru suna tafiya.

Bari mu fara da gaggawar. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kiran lamari da sunan rashin haihuwa sai an shafe wata 12 ana saduwa a kai a kai, ba tare da maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai samu ba. A cikin ma'aurata goma da matar ba ta kai shekara 40 ba, fiye da takwas kan samu ciki a shekarar farko, kusan rabin waɗanda suka rage kuma a shekara ta biyu. Wato amaryar da ake ɗirka wa saiwoyi a wata na huɗu, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Amma akasin gaggawar ma kuskure ne. Wasu sukan yi shekara bakwai suna yawo tsakanin masu magani kafin su taka asibiti, ga shi ƙwan mace yana raguwa da shekaru, a yawa da kuma inganci. Shi ya sa likitoci ke cewa matar da ta haura shekara 35 kada ta jira shekara, wata shida ya isa, wadda al'adarta ke rikicewa ko ta ɗauke kuwa ta je tun da wuri.

Wani abin da kan jawo jinkiri ba cuta ba ce sam, rashin sanin lokaci ne. Ƙwan mace, idan ya fito, ba ya wuce yini guda a raye, ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya kai kwana biyar a jikinta. Saboda haka kwanakin da ciki ke iya shiga a kowane wata kamar shida ne kacal. An yaɗa cewa ranar 14 daga fara al'ada ce ranar fitar ƙwai, amma wannan lissafin mai zagayen kwana 28 ne kawai. Ƙwai kan fito ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, don haka mai zagayen kwana 35 sai wajen rana ta 21. Magidancin da ke fatauci ko aiki a wani gari, yana zuwa gida ƙarshen wata, zai iya shekara bai dace da kwanakin ba, haka ma mai mata fiye da ɗaya idan tafiye-tafiye suka haɗu da rabon kwana. Saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a kwanakin tsarki ta wadatar, ba sai an yi ta ƙirga ranaku ba.

Sai babbar maganar, wadda maza ba su cika son ji ba. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Mutane suna haɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da iya haihuwa, alhali abubuwa biyu ne daban. Mutum zai iya zama lafiyayye a mu'amalar aure, ruwan maniyyinsa kuma ya fito kamar na kowa, amma a ƙarƙashin madubin likita a tarar ƙwayoyin kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su ɗungurungum. Ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba yana toshe hanyar maniyyi. Hangum da ya kama mutum bayan balaga yana iya taɓa maraina. Kumburin jijiyoyin maraina, taba sigari, zafi mai yawa, duk suna rage inganci. Abin takaici, allurar testosterone da wasu ke yi don ƙarin kuzari ita kanta tana dakatar da samar da ƙwayoyin. Gwajin maniyyi kuwa shi ne mafi sauƙi kuma yana cikin mafi araha a duk gwaje-gwajen haihuwa: babu yanka, babu allura. Kwatanta shi da hoton mahaifa da ake yi wa mace, wanda ake tura ruwa ta bakin mahaifa don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Wane adalci ne a sa mace ta sha wannan wahalar, a kashe kuɗi, alhali ba a yi mai sauƙin ba?

Za a ce, ai yana da 'ya'ya da uwargida, ko da matar da ya saka. Wannan hujja ce a kan jiya. Cuta, shekaru da shaye-shaye suna canja jikin namiji, wanda ya haifa shekara goma da suka wuce ba lallai yau ya kasance yadda yake a da ba. Wasu kuma sukan mayar da ƙarin aure gwaji. Ƙarin aure halal ne, ba shi ake tuhuma ba, amma idan matsalar daga mijin take, an ƙara mace ta biyu ne a cikin zargin da ba laifinta ba. Akwai kuma masu cewa haihuwa ta Allah ce, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wanda ya yarda a kai matarsa wurin mai magani ya riga ya amince da neman sababi, bai kamata ya tuna da ƙaddara sai lokacin da aka ce shi ma ya miƙa kansa ba.

Maganin da ake yi a makance ba ɓata lokaci kaɗai yake yi ba, yana cutarwa. A ƙasashenmu na kudu da Sahara, babban abin da ke hana mace haihuwa, musamman wadda ta taɓa haihuwa sannan ta tsaya, shi ne toshewar hanyoyin ƙwai sakamakon ƙwayoyin cuta: daga ciwon sanyi, ko haihuwa da ɓari a wurin da babu tsafta. Matsin da ake cusawa a gaba da sunan gyara ko wankin mahaifa yana kashe kariyar da Allah ya yi wa wurin, ya buɗe wa cutar ƙofa. Yankan gishiri, wanda har yanzu ake yi a wasu ƙauyuka da zaton yana buɗe hanya, yana daga cikin sanannun musabbaban yoyon fitsari. Kuma idan ciwon sanyi ne, yi wa matar magani ita kaɗai aikin banza ne, domin mijin zai mayar mata da shi. Hatta maganin asibiti kan zama illa idan aka saye shi a kemis bisa shawarar ƙawa. Clomid, alal misali, yana taimaka wa wadda ƙwanta ba ya fita ne, ba ya buɗe hanyar da ta toshe, shan da mace ta yi masa ba ya ƙara wa miji ƙwaya ko ɗaya, kuma shansa barkatai na iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Abin da ya kamata kowace mai neman ciki ta sha, wato folik asid, mikrogiram 400 a kullum tun kafin cikin ya shiga, shi ne aka fi mantawa da shi, alhali lakar jariri tana kammala rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba.

Ana kukan tsadar asibiti, kuma akwai gaskiya a ciki, domin dashen ƙwai ya fi ƙarfin talaka. Amma yawancin ma'aurata ba daga nan za su fara ba, kuma kuɗin da ake zubarwa shekara da shekaru a jiƙe-jiƙe ya ninka na gwajin farko. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen mata da haihuwa. Maigida, idan shekara ta cika shiru, kada ka ba ta kuɗin mota ka ce ta je a duba ta. Ka tashi ku tafi tare, kuma ka ce a fara da kai.