Liyafar Sallah A Ƙasar Baƙunci

Duk wanda ya tashi a babban gida a ƙasar Hausa ya san ba a cika jin nauyin abincin Sallah ba, ko da yake aikin yana da yawa. Tun jajibere ake jiƙa shinkafar waina, wannan tana daka, waccan tana tankaɗe, yara suna ɗebo ruwa, mahauci kuwa har ƙofar gida yake zuwa ya feɗe rago. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. To, amma wanda karatu ko aiki ya kawo shi birni irin London, daga shi sai matarsa a ɗaki biyu da falo, shi ne ya san abin da ake nufi da girkin Sallah. Tukunyar tana nan yadda take, hannuwan ne babu.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarar da muka fara kiran mutane cin abincin Babbar Sallah a nan, mutum 8 na gayyata, 19 suka zo, domin kowa ya riƙo abokinsa, kamar yadda muka saba a gida. Naman da mahauci ya ce zai iso da azahar bai iso ba sai bayan magariba. Da aka fara suya, hayaƙi ya ta da ƙararrawar gobara, maƙwabta suka fito. Baƙi dai sun ci sun ƙoshi, amma har suka watse mai ɗakina ba ta zauna ba, balle ta gaisa da kowa. Da na ce mata an yaba miya, sai ta ce ita ba ta ga Sallah ba, tukunya ta gani. Wannan magana ce ta sa na fara duba yadda mutanen ƙasar suke yi da nasu bikin.

Iyalin Ingila ƙanana ne, galibi ba su da mai aiki, amma kowace shekara ran 25 ga Disamba suna zaunar da dangi a kan tebur, a ci talotalo da gasasshen dankali da kayan lambu. Dabararsu ita ce rarraba aikin a kan kwanaki. Akwai wani irin alkaki mai nauyi da suke kira fudin, wanda bisa al'ada ake kwaɓa shi wajen mako 5 kafin Kirsimeti. Talotalo kuwa tun makonni kafin ranar ake rubuta suna wurin mahauci. Ranar bikin manyan kantuna a rufe suke, jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin London ma ba ya aiki, saboda haka wanda ya manta gishiri sai ya roƙi maƙwabci. Da yawansu kuma suna auna girkin da jawabin Sarki, wanda Sarki George na Biyar ya fara yi ta rediyo a 1932, ake kuma watsa shi da ƙarfe 3 na rana. Watau sai a tsai da lokacin cin abinci tukuna, sa'an nan a yi lissafi da baya-baya har a gano sa'ar da za a kunna wuta. Abin da mu muke samu daga yawan hannuwa, su daga yawan kwanaki suke samunsa.

To, yaya Bahaushe zai ari wannan dabara ba tare da ya yar da al'adarsa ba? Farko dai sai a tsai da rana. Sallah ba ranar hutu ba ce a Ingila, kuma tun da shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, bikin yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana kuma iya faɗawa tsakiyar mako. Ƙaramar Sallah sai daren jajibere ake tabbatar da ita, har wani lokaci masallatai su saɓa da kwana guda. Shi ya sa iyalai da yawa suke yin Idi a ranarta, su ci abin da ya sawwaƙa, su ajiye babbar liyafa sai Asabar ko Lahadi mai zuwa, sa'ad da kowa ya sami sarari.

Na biyu, nama. Dokar ƙasar ba ta yarda a yi yankan layya a tsakar gida ba, sai a mayanka mai izini. Mutum yakan biya mahauci Musulmi tun da wuri, a yanka masa bayan an sauko daga Idi, a sanyaya naman, kana a kawo. Tun da dubban mutane ne suke jira a rana guda, naman yana iya kaiwa dare, ko ma kashegari. Kuskurena ke nan, da na ɗora liyafa a kan ragon da ban gani ba. Mai hankali sai ya sayi naman girki dabam kwana 2 kafin ranar, in na layya ya iso a yi rabo da suya a natse.

Na uku, ƙidayar baki da zaɓen abinci. A wurinmu abin kunya ne a tambayi baƙo mutum nawa zai zo da su, amma a gidan da kujerunsa 6 ne, tambayar ba rowa ba ce. A ƙidaya, a ƙara mutum 3 ko 4 saboda baƙon Allah. Kilo 1 na ɗanyar shinkafa yakan ishi mutum 10, nama mai ƙashi kuwa a ƙiyasta rubu'in kilo ga kowane babba. Kada a yi kwaɗayin jera abinci iri 7. Babban abinci guda, alal misali waina da miyar taushe, da shinkafa dafa-duka saboda yara, da nama, da abin sha, sun wadatar. Kuma ranar biki ba ranar gwada sabon girki ba ce. Abin da hannu ya saba shi za a yi.

Daga nan sai a rarraba aikin. Mako guda kafin ranar a je kasuwa irin ta Ridley Road ko Brixton ko Peckham, inda ake samun kayan miyar Afirka ta Yamma, a sayo duk abin da ba ya lalacewa. Cincin da dambun nama suna jure kwanaki a cikin mazubi mai murfi, sai a gama da su tun farkon mako. Ana jibi a dafa zoɓo, a markaɗa kayan miya. Ana gobe a yi miya, a dafa nama, a kwaɓa ƙullin waina ya kwana ya tashi, a fito da kwanuka a ƙidaya cokula. Idan an yi haka, ranar liyafa babu abin da ya rage sai suyar waina da dafa shinkafa.

Sai dai girkin da aka yi tun da wuri yana da sharaɗi, domin lafiyar mutane amana ce a hannun mai gida. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana ba da shawara kada sanyin firji ya wuce digiri 5, kuma dafaffen abinci ya shiga firji cikin awa 1 zuwa 2 bayan an sauke. Daskararren babban tsuntsu irin talotalo yana bukatar awa 10 zuwa 12 a firji ga kowane kilo kafin ya saki. Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara, saboda akwai ƙwayoyin cuta da tafasa ba ta kashe irinsu, waɗanda suke yaɗuwa idan ta daɗe a ɗumin ɗaki. A huce ta cikin awa 1, kada ta wuce kwana guda a firji, kada kuma a ɗumama ta fiye da sau ɗaya.

Har ila yau, gayya ba ta mutu ba don an ƙetare teku. Idan baƙo ya ce me zan kawo, kada kunya ta sa a ce ba kome. A ce masa ya kawo lemo, ko kankana, ko kujeru 2. Ɗalibai gwauraye da suka yi marmarin tuwon gida da murna za su wanke kwanuka. Maigida kuma ya tuna a nan babu ƙannensa mata, babu matan 'yan'uwa, saboda haka shara da yankan albasa da kula da yara rabonsa ne. A sanar da maƙwabta za a yi baƙi, a kuma aika musu da kwano, ko da ba addini ɗaya ba. Game da kuɗi, a tsai da iyaka tun kafin a shiga kasuwa, gama liyafar da aka ci da bashi takan bar ɗaci har wata na gaba.

Abu na ƙarshe shi ne a kashe wuta awa guda kafin isowar baƙi, masu gida su yi wanka, su sa kayan Sallah, su zauna. Mutumin da ya yi tafiyar awa 2 a jirgin ƙasa bai zo don waina kaɗai ba. Ya zo ne ya ji Hausa, ya ji an kira shi da sunan da ake kiransa a gida. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Bara mutum 14 muka tara, wainar farko ta ƙone, ba wanda ya kula, mai ɗakina kuwa tana tsakiyar falo ana ta hira har bayan lisha.

Allah ya maimaita mana, ya sada kowane baƙo da danginsa lafiya.