Tsohon Fiyano Da Ciwonsa Uku

Da fiyano kawuna yake ciyar da iyalinsa a unguwarmu ta Fezzan, cikin Maiduguri. Nasa tsoho ne, jinsin na'urar da Robert Moog ya fara ƙerawa a Amurka a 1964, wadda ƙarfin wutar lantarki ke tsayar wa kowane sauti matsayinsa. Saura kwana uku wani biki sai fiyanon ya rikice. A wajen gyaran ne na koyi cewa kunne shi ke fara gano ciwo, kafin a ɗauki sukundireba.

Da farko, idan maɓalli ɗaya ne ya yi shiru ko yake shaƙewa, to ƙurar hunturu ce ta kwanta a ƙarƙashinsa. Sai a zare wuta, a goge wurin da auduga da ɗan sifirit.

Na biyu, idan dukkan sautukan ne ke zamewa sannu a hankali, zafi ne. A kunna shi a inuwa, a ba shi kamar minti 20 ya daidaita, sannan a saita.

Na uku, idan sautin yana rawa ko gurnani, a tuhumi janareto, a sa sitabilaiza.

Namu ƙura ce da zafi, kuma biki ya yi armashi. Ɗalibin harshe ya san hatsarin zamewar karin sauti: da ita ake mayar da kukan yaro kukar miya. Haka abin yake a kiɗa.