Hasashen aikin masana'antar semikondakta da koyon na'ura

Hasashen aikin masana'antar semikondakta da koyon na'ura hanya ce ta horar da manhajar kwamfuta da bayanan da masana'anta ta tara, domin ta ƙiyasta yawan cif masu kyau da za a samu, lokacin da kaya za su kammala, da injin da ya kusa lalacewa.

Dalilin buƙatarsa

Ana ƙera cif ne a kan faifan silikon, wanda faɗinsa a manyan masana'antu milimita 300 ne, kuma galibi faifai 25 ake zubawa a akwati ɗaya. Kowane faifai yana ratsa ɗaruruwan matakai, yana komawa wurin injin zane da haske sau da dama, abin da ke sa lissafin layin jira ya yi wuya. Aikin kan kai wata uku, don haka kuskuren makon farko yakan ɓuya har sai an zo gwajin ƙarshe, bayan an riga an kashe kuɗi.

Auna kowane faifai a kowane mataki kuwa yana cin lokaci. Sai a auna kaɗan, manhajar ta ƙiyasta na sauran daga zafi, matsin iska da kwararar gas da injina suka rubuta.

Bayanan horarwa

Kamfanoni ba sa sakin bayanansu, shi ya sa masu bincike suka dogara da 'yan tsirarun da aka wallafa. Akwai WM-811K daga Taiwan, mai taswirar faifai 811,457, inda manhaja ke koyon gane siffar lahani, kamar zobe a gefe ko karce. Akwai kuma SECOM, da aka saka a rumbun bayanai na UCI a 2008, mai samfuri 1,567, kowanne da awo kusan 590.

Matsaloli

A cikin SECOM, samfuri 104 kacal ne suka faɗi gwaji. Ke nan manhajar da za ta ce komai lafiya lau, za ta yi daidai da kusan kashi 93 cikin ɗari, alhali ba ta kama lahani ko ɗaya ba. Saboda haka wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna ingancin hasashe. Abin dubawa shi ne nawa ta gano daga cikin masu lahanin.

Haka kuma injina suna tsufa, ana yi musu gyara, ana sauya tsarin aiki, sai bayanan bara su daina dacewa da na bana. Dole a riƙa sake horar da manhajar lokaci-lokaci.