BIN BAYAN MAI KEKE DON SAMUN SAUƘIN ISKA: HAƊARINSA DA LADABINSA

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, su karanta, sa'an nan su sanar da dagatai da masu unguwanni da sauran jama'ar ƙasarsu. Maganar kuwa ta wata al'ada ce ta mahaya keke, musamman samari, watau mutum ya tarar da wani mai keke a hanya, wanda bai sani ba, ya manne a bayansa, tayarsa ta gaba kamar za ta taɓa ta bayan wancan, don ya sami sauƙin tafiya. Sauƙin gaskiya ne, amma yana tare da haɗari, kuma akwai hakkin na gaba a ciki.

DALILIN SAMUN SAUƘI

Mai keke ba da hanya kaɗai ya ke fama ba, har da iska. Ko da rana ce wadda ko ganye ba ya motsi, tilas ne ya keta iskar da ke gabansa, kamar yadda kwalekwale ke keta ruwa. In yana tafiya sannu, abin ba shi da yawa. Amma in ya ninka saurinsa, turin iska ya kan ninka sau huɗu, ƙarfin da zai kashe wajen keta ta kuwa sau takwas. Saboda haka a miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, in gudu ya kai kilomita 30 cikin sa'a guda, yawancin ƙarfin mahayi wajen iska ya ke tafiya.

To, in na gaba ya keta iska, sai ya bar wani ɗan wuri a bayansa inda turin ya ragu. Wanda ya shiga wurin nan ya kan rage wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na wahalarsa. Abin da ya sa ke nan 'yan tseren keke, kamar na babban tseren nan na Faransa, Tour de France, wanda aka fara a 1903, su ke tafiya a dunƙule. A 2018 masana na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven, a ƙasar Holan, suka auna ayari na mahaya 121, suka tarar wanda ke can tsakiya ta wajen baya, turin iskar da ke samunsa bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wanda ke samun mai tafiya shi kaɗai ba.

Amma a lura, 'yan tsere sun yi shekaru suna koyon wannan aiki, sun yarda da juna, suna da alamun da su ke yi wa juna, an kuma rufe musu hanya. Mutum biyu da suka gamu a hanyar kasuwa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

INDA HAƊARIN YA KE

Na farko, na baya ba ya ganin hanya. Rami ne, ko yashi, ko akuya, ko yaro ya gitta, na gaba zai gani ya kauce, shi kuwa na baya sai ya auka.

Na biyu, ba shi da lokacin tsayawa. Mai gudun kilomita 30 cikin sa'a yana cin fiye da mita 8 cikin daƙiƙa ɗaya, mutum kuwa ya kan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da matsa birki. In tazarar da ke tsakaninsu taku guda ce, na gaba ya ja birki ba zato, kafin na baya ya motsa yatsa sun haɗu.

Na uku, da tayar gaba mahayi ya ke daidaita kekensa. In ta gogi tayar bayan wani, ba ta da halin juyawa, sai keken ya kife. Galibi na baya ne ke faɗuwa, wani lokaci kuma ya tafi da na gaba, ko ya faɗa tsakiyar hanya gaban mota.

HAKKIN NA GABA

Bin baya ba ya ƙara wa na gaba nauyin tuƙi, amma yana ɗora masa amanar da bai karɓa ba, gama ya zama idon mutum biyu, bai kuwa sani ba. Ba shi da sauran ikon ya tsaya inda ya ga dama, ko ya kauce yadda ya so. Ban da wannan akwai tsoratarwa. Ɗan kasuwa da ya taso daga cin kasuwa da kuɗi a aljihu, ya waiwaya ya ga baƙo manne da shi, ba abin da zai zata sai ɓarawo. Balle mace, ko ɗalibi mai komawa gida shi kaɗai. Wanda ya tsorata kuwa ba ya riƙe kan keke daidai.

LADABIN DA YA KAMATA A BI

1. Mai son bin bayan wani ya fara matsowa gefensa, in hanya ba kowa, ya yi sallama, ya nemi izini. In an hana shi, ya haƙura, ba gardama.

2. In bai nemi izini ba, ya bar tazarar da ba ta kasa daƙiƙa biyu ba. Yadda a ke aunawa shi ne, in na gaba ya wuce wata bishiya, kada na baya ya iso ta sai ya ƙirga biyu a natse. In ya fi shi sauri, ya kaɗa ƙararrawa ya wuce ta hagunsa, gama tun 1972 ta hannun dama a ke tuƙi a Nijeriya.

3. In sun yarda, su yi karɓa-karɓa, wannan ya ja gaba, wancan ya karɓe shi. Ba mutunci ba ne mutum ya huta a bayan wani tun daga gari har gari, sa'an nan ya wuce shi ko na gode babu.

4. Na baya kada ya bari tayarsa ta shiga gefen tayar na gaba. Yatsunsa su zauna bisa birki, idonsa kuwa ya riƙa hangen hanya ta kafaɗar na gaba, kada ya ƙura wa taya ido.

5. Na gaba ya riƙe gudu iri ɗaya, ya nuna rami da hannu, ya yi magana kafin ya tsaya ko ya juya. In ba ya son a bi shi, ya sassauta sannu, ya yi alama a wuce. Kada ya ja birki da gangan don ya hori na baya, gama wannan na iya zama sanadin rai.

6. Ko da an yarda, kada a yi da dare, ko cikin ruwa, ko hazo, ko a gangara, ko cikin gari, ko bayan keken da ya ɗauko itace ko buhu. Keken da birkinsa ba shi da kyau kuwa bai cancanci hawa hanya ba sam.

BIN BAYAN MOTA

Wannan ya fi duka muni. Gaskiya ne babbar mota ta fi mutum tare iska nesa ba kusa ba. A 1899 wani Ba'amurke, Charles Murphy, ya bi bayan jirgin ƙasa ya yi mil guda cikin ƙasa da minti ɗaya. Amma sai da aka shimfiɗa masa katako tsakanin dogo, aka shirya da masu jirgin, a ƙarshe ma fizgo shi aka yi zuwa cikin jirgi. Yaron da ya bi bayan babbar mota ba wanda ya shirya masa kome. Direba ba ya ganinsa a madubi, shi kuma ba ya ganin abin da ke gaban motar, ga ƙura ga hayaƙi. Haka nan kama jikin mota da hannu don ta ja keke. Waɗannan biyu ba su da wani ladabi sai bari.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan bayani a majalisarsa, ya umurci dagatai su sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa. A gaya wa shugabannin makarantu, da masu ba da hayar keke, da masu gyaransa, domin a wurinsu samari ke taruwa. Manzannin hakimi su fara zama abin koyi. Malamai kuma, in an kawo labarin haɗarin keke, su rubuta wurin, da lokacin, da sanadin, domin a san hanyoyin da abin ya fi aukuwa, a sanar da 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988.

Mutane su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma kuma sun ce rigakafi ya fi magani. Sallama ɗaya da 'yar tazara ba su ɓata wa matafiyi lokaci, karaya kuwa ta kan kwantar da magidanci damina guda, gonarsa ba mai nomewa. Allah ya kiyashe mu, amin.