Akwatin da ake hawa: Abin lura kafin a nufi filin jirgi

Akwati mai batiri, wanda matafiyi ke zama a kansa ya tuƙa kamar ƙaramin babur, ya fara jan hankalin masu yawan tafiye-tafiyen aiki. Samfurin kamfanin Airwheel na ƙasar Sin yakan yi gudun kilomita 13 a sa'a. Sai dai kafin ma'aikaci ya zuba kuɗinsa, ko hadimi ya sayo wa maigidansa, akwai ƙa'idojin da ke iya raba mutum da kayansa a bakin jirgi.

Tun daga Janairun 2018, ƙa'idar ƙungiyar IATA ta hana ɗaukar akwatin da ba a iya cire batirinsa na litiyam. Idan akwatin zai shiga ɗakin kaya, wajibi ne a zare batirin, fasinja ya riƙe shi a hannu, domin irin wannan batiri yana iya kamawa da wuta, kuma ma'aikatan jirgi ba sa iya isa gare shi a can ƙasa. Batirin da ya haura Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Wanda ya wuce 160 kuwa ba a ɗaukarsa.

Hawan ma yana da iyaka. A 2024, 'yan sandan Osaka da ke Japan sun miƙa batun wata mata ga masu gabatar da ƙara saboda hawa akwati a gefen titi ba tare da lasisi ba.

Wanda aiki zai kai Sorau kuwa, a Yola jirgi zai sauke shi, sauran tafiyar ta mota ce. Ƙananan tayoyin nan don daɓe mai santsi aka yi su. Daga nan akwatin ya zama kaya mai nauyin kusan kilo 9, tun ba a saka ko riga ɗaya ba.