Wayar Ba Ta Lalace Ba, Tabarau Ta Sa

Akwai wata damuwa da ta shigo gidajenmu tare da wayoyin nan da ake shafawa da yatsa. Mutum ya ɗauki wayarsa da safe, sai ya tarar kome ya kumbura. Lamba ɗaya ta agogo ta cika fuskar waya duka, ba ya ganin inda zai taɓa ya buɗe. Kira yana shigowa, yana jin ƙara, amma wurin amsawa ya ɓuya can gefe. In ɗansa ne yake kira daga Legas, ko kuwa daga asibiti ake nemansa, ai abin ba na dariya ba ne. Tsofaffi ya fi samu, da iyayen da sukan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru lokacin sujada.

Daga nan sai zato iri iri. Wani ya ce gilashin ne ya mutu, wani ya ce 'yan damfara ne suka kama wayar daga nesa. Sai a nufi kasuwa. Masu gyara na kirki suna nan, za su warware abin nan take su sallame ka. Amma akwai wanda zai ce a sake gilashi, ko ya ce sai an goge kome da ke ciki. Ta haka hotunan biki da na baftisma da lambobin dangi sukan salwanta, ga kuɗi kuma an biya, alhali ba abin da ya lalace.

Ga yadda abin yake. Masu ƙera waya sun sa mata wata dabara domin masu raunin ido, wadda takan ƙara girman duk abin da ke fuskarta, kamar an ɗora gilashin ƙara girma a bisa takarda. Kamfanin Apple ya sa ta cikin iPhone a 2009, wayoyin Android kuma suka sami tasu a 2012. Ba maɓalli ake dannawa a kira ta ba, ƙwanƙwasa fuskar waya ake yi. In an taɓa kunna ta cikin saitin waya, ko da bisa kuskure ne, to, yaron da ke buga wasa da yatsa yana iya kiranta bai sani ba. Abin da ya kira ta kuwa, shi ne ke sallamarta.

In wayarka Android ce, watau irin su Tecno, Infinix, itel ko Samsung, duba ko akwai layi mai launin lemo kewaye da fuskar. Shi ne shaida. Sa yatsa ɗaya ka ƙwanƙwasa tsakiyar fuskar sau uku a jere, da sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kada ka yi a kan wurin rubutu, nan ba ya ji. In bai koma ba, nemi wata 'yar alama mai siffar mutum ko ta gilashin ƙara girma a gefe ko a ƙasa, ka taɓa ta. Waɗansu kuma an shirya su ne da maɓallan ƙara da rage murya: a danne su biyun tare na ɗan lokaci.

Ta iPhone dabam take, nan kuma mutane suka fi shan wuya, gama yatsa ɗaya ba ya yin kome. Yatsu uku za ka haɗa, manuni da na tsakiya da mai bi masa, ka ƙwanƙwasa sau biyu da sauri, su sauka gaba ɗaya. Da naman yatsa ake yi, ba da farce ba, hannu kuma a bushe. Da wuya a dace da farko. Gwada sau uku, sau huɗu, ba abin da zai ɓaci.

Abu ɗaya ne nake roƙon mai karatu kada ya yi. Kada ka yi ta danna lambobin sirri a makance, kana cewa ai yatsanka ya san wurinsu. Sa'ad da fuskar ta kumbura, lambobin ba sa inda ka saba. Kuskure kaɗan a jere, wayar za ta kulle ka a waje na ɗan lokaci, in ka nace lokacin ya yi ta ƙaruwa. Akwai ma iPhone da aka shirya ta goge kanta bayan kuskure 10. In tilas ne ka buɗe ta a kumbure, ja fuskar a hankali har ka ga kowace lamba da idonka: da yatsu biyu a Android, da uku a iPhone.

Bayan ta koma daidai, in ba mai bukatar dabarar a gidan, a kashe ta. Kashe waya a sake kunnawa ba ya cire ta, gobe ma za ta dawo. Shiga saitin, mai alamar ƙarfe mai haƙora, nemi inda aka rubuta “Accessibility”. A ciki za ka ga “Magnification” in Android ce, ko “Zoom” in iPhone ce. Nan za ka kashe. Amma in wayar magana take yi, tana karanta duk abin da ka taɓa, wannan wata dabara ce ta daban domin makafi, ana ce da ita TalkBack ko VoiceOver, a wuri guda kuma ake kashe ta. In kuwa hoto ɗaya ne ko shafi ɗaya ya yi girma, matse shi da yatsu biyu ya isa.

To, amma kafin a kashe, a duba gidan tukuna. Daga wajen shekara 40 idon mutum yakan fara ƙin ƙananan rubutu. Kowa ya san dattijon da yakan miƙe hannu da littafin waƙoƙi nesa da fuskarsa, da uwar zumuntar mata da ta daina karɓar karatu a taro, tana cewa a ba yara. Sau da yawa ba tawali'u ba ne, ido ne, kunya kuma ta hana ta faɗi. Manzo Bulus ma, a ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, ya ja hankalinsu ga girman haruffan da ya rubuta da hannunsa. Waɗansu masana suna ganin raunin ido ne dalili, waɗansu kuwa sun ce don ya jaddada maganarsa ne.

A ganina, ga yawancin tsofaffinmu gara a ƙara girman rubutu kawai, a bar ƙwanƙwasar. A cikin saitin akwai wurin girman haruffa, manhajar Littafi Mai Tsarki ma tana da nata. Da haka rubutu zai yi girma ya zauna cikin fuska, ba sai an yi ta jan layi hagu da dama ba. Wanda idonsa ya yi rauni ƙwarai, shi ne za a bar wa dabarar ƙara girma. Sai dai ɗa ko jika ya zauna da shi, ya bar shi ya kunna ya kashe da yatsunsa har ya saba. Karɓe waya a gyara a mayar, ba koyarwa ba ce.

Waya dai ba likita ba ce. In an ƙara girman rubutu amma Baba ya ce har yanzu kamar hazo yake gani, ko hasken fitila yana damunsa da dare, mai yiwuwa yanar ido ce, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki. Kada a ɗiga masa maganin da ba a san asalinsa ba. A kai shi a auna. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1943, yana wannan aiki, manyan asibitocin jihohi kuma suna da sashen ido.